Yadda Goggo Indo Ta Rama Maganin Azahar

Goggo Indo, yayar mahaifinmu, mai kitso ce a Makera, kuma duk matar da ta taɓa zama a gabanta ta san ba ta barin kai rabi. In ta fara, ko hadari ya haɗo, ko tuwo na ƙonewa a murhu, sai ta kai ƙeya take tashi. Ana ba da labarin ranar da naƙuda ta kama wata mata ana tsakiyar kitso, Goggo ta bi ta har ɗaki da kibiyar kitso a hannu, ta ƙarasa layi biyun da suka rage kafin ungozoma ta iso. Ba ta taɓa musanta labarin ba. Gyaran da takan yi kawai shi ne layi uku ne, ba biyu ba.

'Yar Kudan ce ta asali, can ƙasar Zazzau. Ta zo Kaduna a jirgin ƙasa tana amarya, lokacin Makera ba ta wuce 'yan gidajen ciyawa a gefen layin dogo ba, in mutum zai haye kogi zuwa cikin gari sai ya yi sallama da mutanen gida kamar mai tafiya Kano. Mijinta, Malam Nuhu, ma'aikacin reluwe ne. In jirgi ya tsaya a babbar tasha, shi ne mai bin sa daga kai har wutsiya da doguwar guduma, yana ƙwanƙwasa ƙafafun taragai ɗaya bayan ɗaya yana saurare. Ƙafa mai lafiya da amonta, mai tsagu da nata. Goggo takan ce shekara ashirin da biyar yana sauraron ƙarfe, shi ya sa in mutum ne ya yi masa magana sai an maimaita. Allah ya ba su 'ya'ya uku, ya karɓi biyu tun suna goye, ya bar musu Binta, wadda aure ya kai Nguru.

Kitso a wurin kakarta ta koya, amma Makera ce ta buɗe mata hannu. Unguwar ma'aikata ce, kowa da irin kan da ya zo da shi. Ta iya doka irin ta gida, ta ɗauki shuku a wurin matan Yarbawa, matan kudancin Zariya kuma masu zuwa coci ran Lahadi takan yi musu ƙanana da za su kwanta ƙarƙashin ɗankwali. Shagonta gindin mangwaron tsakar gida ne: tabarma, kujera 'yar tsugune, kibiya, da kasko na man shanu.

Ba ta yi zurfin karatu ba. Surorinta ba su da yawa, amma ba ta wasa da su, kuma a kan ramuwa ko malamai sun san da zamanta. Shekarar da ta haifi Binta cikin azumi, kafin a yaye yarinyar ta rama kwanakin duka. Da wani zazzaɓi ya kwantar da ita mako biyu, ta sa aka ajiye mata ƙwarya a gefen gado, duk sallar da ta wuce ta a jefa ƙwallon dabino ɗaya. Ranar da ta miƙe ta shimfiɗa buzu ta yi ta jero su, tana sallamewa tana fitar da ƙwallo, har ƙwaryar ta koma wayam. A ganinta, abin da aka ɗora wa mutum ba ya faɗuwa don lokacinsa ya wuce. Jiransa kawai yake yi.

A daminar 1957 ciwon kai ya fara damunta a ƙeya, ga haɓo jefi-jefi. Maƙwabciyarta Juliana ce ta matsa mata sai an je asibiti. Juliana 'yar Kagoro ce, katanga ɗaya ta raba gidajensu, tana aiki a ɗakin mata na wani asibiti can wajen Kakuri, gyaran gado da kula da majinyata. Mama take kiran Goggo, ita kuma Goggo 'yar nan take ce mata, ko da yake 'yar nan ɗin tana da 'ya'ya huɗu. Likitan, wani Bature dogo mai gashi a hannu, ya naɗa wa Goggo ƙyalle a damtse ya yi ta hura iska, ya dubi ma'auni, ya sake dubawa. Aka ce hawan jini ne. Aka ce kuma ta yi sa'a, don sabon magani ya shigo: 'yan fararen ƙwayoyi da ba su fi ƙwayar dawa ba, ɗaya da safe, ɗaya da rana, ɗaya da dare.

Mai ba da maganin shi ne Nicholas, disfensa, saurayi ɗan Zonkwa mai tsaga a kai da alƙalami biyu a aljihu. Yaron kirki ne, amma yana da wata al'ada. Duk wata in mutum ya kawo kwalba a sake cika masa, sai ya dube shi ido cikin ido ta taga ya tambaye shi ko ya sha duka. In aka yi inda-inda, nan take zai buɗe wa'azi, duk layi na ji. Goggo ta ga ranar da ya yi wa wani dattijon mahauci, har bawan Allah ya rasa inda zai sa gemunsa. Ita kuwa ba ta taɓa ba shi dalili ba. Ta ɗaura ƙwayoyin a jikin salla: Asuba, Azahar, Lisha. Ciwon kai ya tafi, haɓo ya tsaya, sai dai ɗan toshewar hanci da ba ta ɗauka a bakin komai ba.

Sai azumin 1958 ya kama, cikin zafin bazara. Juliana ta ce mata mara lafiya ai an ɗauke masa. Goggo ta ce ita lafiyarta ƙalau, hannunta ne kawai likita ya matse. Ta safe ta mayar da ita sahur, ta dare ta koma bayan buɗa-baki. Ta Azahar ce ba ta da wurin zama. Ba ta tambayi kowa ba, don a wurinta babu abin tambaya. Kullum aka kira Azahar sai ta ciro ƙwaya ɗaya ta jefa a 'yar batta, ta rufe, ta tura ƙarƙashin matashi. Azumin shekarar talatin ya cika.

Da farko ta yi niyyar ta riƙa ƙara ɗaya-ɗaya a kan na kullum. Amma ranar komawa asibiti ta matso, kuma ta san tambayar da ke jiranta a taga. Ƙarya ba za ta yi ba. Zubarwa almubazzaranci ne, ƙarya ce kuma ta wata hanya. Tsayawa yaron da bai wuce ɗan cikinta ba ya yi mata faɗa a gaban mutane, wannan kam ko a mafarki. Ban da haka, in salloli suka taru ai jero su ake yi, ba a ja musu rai. Kwana uku bayan Salla, da ta idar da Asuba, ta dama koko mai kauri, ta juye battar a tafin hannu, ta yi bisimilla. Biyar-biyar ta riƙa haɗiye su. Da ta gama ta ji zuciyarta fes, kamar ranar da ƙwaryar dabino ta ƙare.

Da hantsi Juliana ta shigo da kanta a tsefe. Ƙanwarta za ta yi aure ran Asabar a coci, ita ce uwar biki. Suka zauna gindin mangwaro, Goggo ta tsaga kai biyu ta fara da dama. Hira ta yi daɗi, ana ta zancen wadda ta ɗinka atamfa iri ɗaya da ta amarya. Can Goggo ta ji hancinta ya toshe gam, kamar an cusa auduga. Sai sanyi, cikin wannan zafin da ko kaji sun buɗe baki. Yatsunta, da suka san hanyarsu ko a duhu, suka fara ɓacewa a cikin gashi. Ta ce a ranta bari ta ƙarasa wannan layin ta sha ruwa. Ba ta ƙarasa ba. Goshinta ya sauka a hankali a kan kafaɗar Juliana.

"Mama, in barci za ki yi, sakar mini gashi tukuna," in ji Juliana tana dariya. Da ta juyo ta ga idanun, dariyar ta tsaya.

Goggo tana jin komai, sai dai kamar daga ƙasan rijiya. Ta ji an kwantar da ita a tabarma. Ta ji Juliana na kiran Malam, wanda aikin yamma gare shi ranar, yana zaure yana gyaran takalmi. Ta ji takunsa, ta ji salatinsa. Shi dai abin da ya sani, matarsa tana da hawan jini, ga ta kuma ta faɗi ido jawur. Ya shiga ɗaki ya fito da kwalbar magani da moɗa, ya ce a ɗaga kanta a ba ta biyu ma, abin ne ya taso mata. Goggo ta so ta ce a'a. Harshenta ya yi nauyi kamar dutsen niƙa.

Juliana ce ta riƙe hannunsa. Ɗaya hannun nata yana kan wuyan hannun Goggo, kuma abin da take ji bai yi kama da na masu hawan jini da ta saba gani ba. Bugun a hankali yake zuwa, siriri, sai ta lalubo shi. Tafin hannun sanyi ƙalau. Ta ce Baba ya dakata. Ta karɓi kwalbar ta ɗaga, ta ga abin da ya rage daidai yake da kwanakin da suka rage. Ta sunkuya ta sa baki a kunnen Goggo ta tambaye ta me ta ci, me ta sha tun safe.

Goggo ta tattara duk ƙarfin da ya rage mata a duniya.

"Na rama," ta ce.

Juliana ta ɗauka wani ne ya yi mata laifi. Ta dubi Malam. Shi kuwa moɗar ce ta suɓuce daga hannunsa, don shekara ashirin da biyar ba ƙarfe kaɗai ya saurara ba. Ya koma ɗaki, ya ɗaga matashi, ya fito da batta a buɗe, babu komai ciki sai farin gari a gindi.

"Na Azahar ne," ya ce. "Na azumi duka."

"Guda nawa, Baba?"

"Talatin muka yi bana."

Shi ya gane abin da aka yi, ita ta gane abin da zai biyo baya. Ta ce kada a zaunar da ita, kada ma a ɗaga kanta, jinin ba ya kaiwa sama. Mota ɗaya ce a layin, mai ita ya tafi Salla garinsu. Malam ya ruga ya samo amalanke a wurin wani mai dakon itace. Juliana ta sa aka kwantar da Goggo kai a ƙasa, ƙafafu a kan buhun dusa, aka lulluɓe ta da bargo. Haka suka bi titi, maza biyu na turawa, Juliana na gefe riƙe da wuyan hannu, ba ɗankwali, rabin kanta kitso, rabi a tsaye kamar tsintsiya. Duk wanda suka wuce sai ya ga bargo ya fara inna lillahi, Malam kuma yana haki yana amsa wa kowa, "Da ranta, da ranta." Goggo tana ganin rassan bishiyoyi na wucewa a sama. Ta ɗauka jirgi ne, tana ta mamakin yadda aka tashi ba a ƙwanƙwasa ƙafafun ba.

A asibiti aka kira Nicholas daga taga ya yi tafinta. Ya ji labarin daga bakin Malam ya fassara wa likita. Likita ya naɗa ƙyalle ya hura. Jinin da a da yake haura ɗari biyu, yanzu da ƙyar ya taɓa sittin. Aka zura mata roba ta baki har ciki, ana zuba ruwa ta mazurari ana juyewa a bokiti. Wannan Goggo ba ta manta ba, ta ce ko maƙiyinta ba ta yi masa fata. Kokon ya fito, ƙwayoyin kuwa sun riga sun narke sun bi jiki. Likita ya sa Nicholas ya faɗa wa Malam gaskiya: babu wani magani da zai shiga ya kwaso su. Abin da za a iya shi ne a tallafe ta har su gama aikinsu, kwana biyu ko uku, in zuciyarta ta jure.

Aka ɗora ƙafafun gadon na baya a kan bulo biyu-biyu, kanta ya koma gangare. Aka yi mata allurar da za ta ɗan zaburar da zuciya. Aka rataya kwalbar ƙarin ruwa, aka zuba wani magani a ciki mai matse jijiyoyi don jinin ya tashi. Ɗigo-ɗigo ake ƙirga shi da agogo. In ya yi sauri jinin ya haura fiye da kima, in ya yi jinkiri ya sulale. Duk minti goma sha biyar ana awo. Nicholas, da ba aikinsa ba ne, ya roƙa a bar shi ya riƙa karɓar masu awon in ya rufe taga. Juliana ta aro ɗankwali ta shiga aiki ba ranar aikinta ba. Sau biyu a rana ta farko ma'aunin ya faɗi har likita ya zo da gudu. Rana ta biyu ya faɗi sau ɗaya. Aka buga wa Binta waya zuwa Nguru.

Malam Nuhu ya kafa buzunsa a baranda ya ƙi tafiya. Ganin yadda yake leƙe duk lokacin da likita ya sa abin sauraro a ƙirjin matarsa, sai Baturen ya ciro ya sa masa a kunne. Malam ya rufe ido ya daɗe. Ya ce amon bai yi ba, akwai ja a ciki. Daga nan kullum da safe sai an ba shi. A rana ta uku ya saurara, ya sake saurarawa, ya cire abin ya miƙa da hannu biyu ya ce wa Nicholas ya gaya wa likita wannan za ta kai Kano. Da la'asar aka fara rage ɗigon, jinin bai faɗi ba. Kafin magariba Goggo ta buɗe ido ta ga ƙafafunta sun fi kanta tsawo.

"Wa ya kwantar da ni haka kamar buhun da za a zazzage?" ta ce.

Tambayarta ta biyu ita ce kwana nawa. Da aka faɗa mata, ta motsa yatsu tana lissafi, ta ce a samo mata ƙwarya.

Tashi bai zo da sauƙi ba. Aka cire bulo ɗaya, washegari ɗaya. Ranar da aka fara zaunar da ita ɗakin ya juya, aka mayar da ita. Cikinta ya yi ta gudu, hancin ya ƙi buɗewa, tana magana kamar mai mura. Amma ran Juma'a ta sa Juliana ta zauna a ƙasa a bakin gado ta cire ɗankwalin aro. A kishingiɗe, da allura a hannun hagu, ta ƙarasa kan. Ya ɗauke ta wuni guda, layukan hagu ba su kai na dama kyau ba, ta kuma faɗa da bakinta. Juliana ta je bikin da shi a haka.

Abin da ya gagara shi ne a sa ta yarda ta yi kuskure. Likita ya yi bayani, Nicholas ya fassara har da ƙari, ta saurara da ladabi ta ce to, irin to ɗin da kowa ya san ba to ba ne. Ta ce wataƙila dai kokon ne ya yi tsami. Likita ya ce ba zai sallame ta ba, ba zai kuma sake sa mata kwalba a hannu ba, sai ta gane, don wata shekara ma akwai azumi. Malam ya je ya ɗauko limamin unguwa.

Liman ya zauna a kujera ya yi mata sannu, ya yi addu'a, sannan ya ce, "Indo, tuwon ranar da kika bari cikin azumi, bayan Salla kin tara kwano talatin kin cinye?"

Goggo ta ce, "Allah gafarta Malam, tuwo ai ba wanda ya ɗora mini."

Liman ya yi dariya har rawaninsa ya goce. Ya ce to, ita ramuwa, wanda ya ɗora abu shi ke faɗin yadda za a rama masa. Allah ya ɗora salla da azumi, ya kuma faɗi yadda ake rama su. Magani likita ne ya ɗora, ga shi nan tsaye, a tambaye shi. Aka tambaya. Likita ya ce wanda ya wuce ya wuce, ya yafe, har abada. Goggo ta sa aka sake tambayarsa ko da zuciya ɗaya ya yafe. Ya dafa ƙirji. Sannan ta numfasa ta ce ta karɓa, ko da yake ita ba ta taɓa ganin wajibi mai arha irin wannan ba.

Nicholas ya tsaya a ƙarshen gado yana murza alƙalami. Ya ce Mama ta yafe masa, shi ne kullum yake cewa a sha duka, bai taɓa cewa in ya wuce a bar shi ba. Ta ce ta yafe, amma ya rage wa dattawa faɗa a layi, kuma tsagar kansa ta karkace.

Rana ta goma sha ɗaya ta tsaya da ƙafafunta, ƙyalle a damtse, likita na hurawa. Ta tsaya minti biyar, jinin bai motsa ba. Binta, da ta iso tun ranar Lahadi, ta riƙe ta suka fita baranda, inda Malam yake naɗe buzu.

Sai bayan mako uku aka mayar da ita kan magani, aka kuma mai da shi sau biyu a rana, yadda azumi ba zai taɓa shi ba. Kwalbar dai ba a ba ta ba. Gidan Juliana kwalbar ta koma da zama, ana miƙo ƙwaya ɗaya ta saman katanga a murfin kwano, da Asuba da Magariba. Cikin wata biyu Juliana ta san muryar ladanin Makera fiye da wasu masu zuwa masallacin, har ta taɓa aika Malam Nuhu ya gaya masa agogon asibiti ya ce jiya ya makara da minti goma. Azumin da ya biyo baya Goggo ta yi shi duka, tana kitso har jajibere. Da ta je taga bayan Salla Nicholas ya tambaye ta ko ta sha duka, ta ce ɗaya ya faɗa bayan katanga kaza ta tsince.

"Kin bar shi?" ya ce.

"Na bar shi," in ji Goggo. "Kazar ma lafiyarta lau."